Bazazzagi da Ɗamarar da Ba Ta Riƙe Komai

Zuwa ga bawana Bazazzagi, wanda boko ya ɗauke daga gindin Kufena ya jefa birnin Abadin na ƙasar Sikotilan. Gaisuwa irin ta ubangida da yaronsa. Ina sanyi, ina fama da littattafai? Mutanen gida kowa lafiya, in ban da kunyar da ka jawo musu, wadda har yau ta hana wasunsu shigowa Kano ɗaurin aure.

Labari ya iso mana cewa abokin karatunka ya angwance, ka shiga sahun abokan ango. Aka kai ka shagon hayar kaya, aka ɗaura maka zanen ulu mai gidan dara iya gwiwa, wanda suke kira kilti, aka rataya maka alabe a gaba, aka soka maka 'yar wuƙa a safa, sannan aka ɗauko wani shirgegen bel aka tamke ka da shi. Kan bel ɗin kuwa, wanda ya ga hoton ya rantse mini cewa da an rubuta masa lamba, da sai ka tashi daga Kwanar Dangora har Kwangila ba wanda ya tambaye ka takardun mota.

Zanen bai ba ni mamaki ba. Mutumin da zai buɗe baki ya ce matarsa "ya dawo", wanda a harshensa mota namiji ne, riga namiji ne, kasuwa ma namiji ne, ai ba a sa ran ya tsaya tantance tufar maza da ta mata. Kuma don kada a ce Bakano ya zalunci bawansa, na yarda cewa a can kilti tufar maza ce tsantsa, ta sojoji da mabusa da angwaye, Sarki Charles ma yakan ɗaura in ya je hutu Balmoral. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da ka raka hoton da shi, inda kake gaya wa ƙannenka wai faffaɗan bel ake yayi yanzu a Turai, mu kuma an bar mu a baya da mazagi. To, a nan ne ka ɗebo ruwan dafa kanka.

Tun da na san ka kake bin yayi da gudu, bai taɓa waiwayowa ya dube ka ba. Yau Allah ya sa ka yi tuntuɓe da abu ɗaya tak da ba ruwansa da yayi, shi ne ka rasa sunan da za ka laƙaba masa sai wannan. Gyara zama, ka haɗe gwiwoyinka tunda ba wando a jikinka, in ba ka karatun da duk tarin bokon Zariya bai ba ka ba.

Can asali, a tsaunukan arewacin Sikotilan, abin ba shi da wani ɗinki na kirki. Mayafi ne guda na ulu, faɗin saƙa biyu aka haɗa, tsawonsa yadi 4 zuwa 5, wani ma ya fi. Yadda ake ba da labari, mutum zai shimfiɗa ɗamararsa a ƙasa, ya ɗora mayafin a kai, ya tattare tsakiyarsa da hannu, ya kwanta rigingine, ya jawo gefe da gefe ya rufe cikinsa, ya ɗaure, ya miƙe. Rabin ƙasa ya sauka gwiwa, rabin sama a yafa shi a kafaɗa, ko a lulluɓe kai in ruwa ya kece. In dare ya riske shi a daji sai ya kwance ɗamara, tufa ta koma bargo. A wancan zamani ɗamara ita ce tela, ita ce maɓalli, tsinkewarta kuwa tsiraici ne a bainar jama'a. Wani marubucin ƙasar Ailan da ya ba da labarin sojojin haya da suka ƙetaro daga tsibiran Sikotilan a 1594 ya lissafa ta cikin alamomin da ake gane su da su, don a waje suke ɗaura ta, a kan mayafi.

Daga baya aka raba mayafin biyu, aka bar rabin ƙasa kaɗai. Akwai wani labari da ke ɓata wa 'yan Sikotilan rai, ka adana shi don ranar da mai gidan hayarka ya matsa maka. Ana cewa wani Bature ɗan Ingila, Thomas Rawlinson, mai masana'antar narka ƙarfe a Invergarry a shekarun 1720, shi ya ga mayafin yana harɗe ma'aikatansa a bakin wuta, ya sa aka datse. Masana da dama sun musa, sun ce mutanen tudu, wato mazauna tsaunukan nan, sun riga shi. Ko wa ya sa almakashin, tun daga ranar da aka fara ɗinke tattarar maimakon a naɗa ta da hannu, ɗamara ta fara rasa aikinta na farko.

Sai aka gwabza yaƙin Kalodin ranar 16 ga Afrilu 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe mayaƙan Yarima Charles Edward Stuart, waɗanda akasarinsu mutanen tudu ne. Majalisa a Landan ta kafa dokar hana maza da samari sa tufar tudu, aka tsayar da Agustan 1747 lokacin fara aikinta. Wanda aka kama karon farko, wata 6 a kurkuku. In ya sake, a tura shi ƙetaren teku shekara 7. Sai a 1782 aka soke ta. Ka ji ko, Bazazzagi? Abin da ka karɓo haya na kwana biyu kana washe baki, an yi lokacin da ɗaura shi ke raba mutum da ƙasarsa da iyalinsa. Wane yayi ka taɓa jin an yi wa doka irin wannan, ya kuma fito da ransa?

Mutum ɗaya dokar ta ƙyale, wanda ya shiga sojan sarki. Don haka kilti ya yi ƙaura zuwa bariki, cikin rundunoni irin su Black Watch, ya zauna a hannun mutanen da ba su san wasa da ɗamara ba. Kai da ka tashi a garin da ake horar da kurata, ai ka san soja ba ya ɗaura siririn bel. A jikin ɗamarar nan ake rataya doguwar wuƙar yaƙi mai kusan kamu guda, a da har ƙaramar bindiga ake saƙalawa. Siririyar fata ba ta ɗaukar wannan nauyi, murɗewa take ta ci wa mutum ciki. Ka ga faɗin nan aiki ne ya haife shi, ba tela mai neman suna ba. Sojojin tudu sun shiga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya da kilti, ba a kuma daina shiga fagen daga da shi ba sai a 1940. Har gobe masu busa algaitar salka a soja suna ɗaura faffaɗan bel a kan riga, da wani kuma a rataye a kafaɗa.

In kuwa ranar da kayan nan suka taɓa zama yayi kake nema, ka makara da shekara 200 da 'yan kai. A watan Agustan 1822 Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbara. Marubucin nan Walter Scott shi ya tsara bikin, ya sa manyan gari kowa ya bazama neman tufar tudu, har da waɗanda kakanninsu ke yi wa mutanen tudu kallon ɓarayin shanu. Masaƙa suka yi ta kwana a kan aiki. Sarkin da kansa, mutum mai teɓa ta gaske, ya kashe sama da fam 1,300 a kan nasa kayan, duk da haka kiltin ya zo masa a ɗangale, aka sa masa matsattsen wando ruwan hoda a ciki don a suturta cinya. Masu zanen barkwanci suka sami na cin abinci. Saboda haka kwantar da hankalinka, kana da magabaci a wannan harka, mai sarauta ma. Bayansa Sarauniya Victoria da mijinta Albert suka sayi Balmoral a 1852, suka cika gidan da yadin nan mai gidan dara da ake kira tatan, tun daga labule har shimfiɗar ƙasa. Masu kuɗi suka bi sarauta, shaguna suka bi masu kuɗi, aka yi ta tsara ƙa'idojin me ake sawa da me. Wannan yayi ne da ya zo ya ƙi tafiya, jikoki suka gada suka kira shi gargajiya.

Yanzu ga abin da zai ƙona maka rai. Cikakken kiltin zamani yadi 8 ne na ulu mai nauyi, an ɗinke tattararsa a baya, an sa masa 'yan maɗauran fata 2 ko 3 a gefe, kowane da ɗan ƙaramin kansa. Su ke riƙe shi. Kuma ba a ƙugu yake zama ba, inda wandon jins ke zama. Gurbinsa cibiya, tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwankwaso. In telan ya san aikinsa, ka cire bel ka yi tsalle ka yi rawa har asuba, ba abin da zai motsa. Hatta madaukai biyun nan na baya da ka cusa bel ɗinka ciki, masu sana'ar za su gaya maka don igiyar alabe aka yi su. Wato ƙasaitaccen bel ɗin da kake mana gori da shi bai riƙe komai ba. Mazagin da ka raina kuwa ba ya ƙyalli, ba ya shiga hoto, amma ranar da ya yi yaji duk unguwa sai ta sani. Ni na gane abin da ya sa jininka ya haɗu da bel ɗin nan: halinku ɗaya. Ga faɗi, ga ƙyalli, ga tsayawa a gaba inda kowa zai gani, aiki kuwa wasu ƙanana ne a gefe ke yi.

Duk da haka ban ce faɗin nasa na banza ne ba. Ma'aunin da aka saba shi ne inci 2 da kwata, wasu 2 da rabi, alhali bel ɗin jins inci 1 da rabi ne, na kwat kuma 1 da kwata. Tufa mai kaurin nan da ta hau har cibiya, in ka sa mata siririn bel sai ya nutse cikin ulu, ya bar bakin kilti a fili inda ya haɗu da riga. Faffaɗan shi ke rufe wannan gaɓa, ya raba sama da ƙasa, ya cike gurbin da ke tsakanin riga da alabe. Kan kuwa farantin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, wajen inci 4 a kwance, na azurfa ga mai hali, na haɗin kuza ko farin ƙarfe ga irinku. Yawanci shi daban ake saye, bel daban, kuma ta ciki ake daidaita tsawon, ba jerin hudar da ake gani a waje. Abin da ake zanawa a jikinsa ƙidayayye ne: furen ƙayar da ya zama tambarin ƙasar, ko zaki a tsaye kan ƙafafun baya, ko gicciyen da ke tutarsu, ko saƙar igiya marar farko marar ƙarshe, ko tambarin zuri'a.

Wannan na ƙarshe ya shafe ka kai tsaye. A al'adarsu tambarin zuri'a mallakar shugaban zuri'ar ne shi kaɗai. Sauran dangi in za su sa, sai an kewaye tambarin da hoton bel da kansa, alamar cewa mai sanye da shi mabiyi ne, yana ƙarƙashin wani. Dubi mutanen kirki, sun tanadar wa irinka hanya tun kafin ka zo. Abin da ya kamace ka shi ne ka sa maƙeri ya zana Dutsen Dala, ya kewaye shi da bel, ka maƙala a cibiya, duk wanda ya gan ka a Abadin ya san yaron wane gida ne.

To, juyo mu dubi naka yayin. Bel a wandon maza ma ba wani tsohon abu ba ne. Da igiyar kafaɗa Turawa ke rataye wando, sai a 1922 kamfanin Levi's ya sa wa jins ɗinsa madaukan bel. Tun daga nan faɗinsa ke hawa da sauka ba hutu. A farkon shekarun 1960 siriri ake so, tare da siririn wando. A shekarun 1970 ya buɗe, kansa ya kumbura, ya raka wandon nan mai share titi wanda kawunnanka suka ɗauki hoto da shi suna dafe da rediyo. A shekarun 1990 samarin Amurka suka saki wando ya sauko ƙasan ɗuwawu, bel yana nan amma ya ajiye aiki. Sai zamanin haruffa ya kama, H na Hermès, G biyu na Gucci, L da V na Louis Vuitton, kowa ya tura gaban riga cikin wando don kada harafi ya ɓuya. Sai wandon fensir ya zo da siririn bel ɗinsa, mutum ya shiga da ƙyar ya fita da taimakon ƙane. Yanzu kuma ga buɗaɗɗen wando ya dawo, 'yan yara suna ganin su suka ƙirƙiro shi.

In ban da waɗanda aka yi kafin a haife ka, ba wanda ban gan ka ciki ba. Na gan ka lokacin da kake tafiya hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da wando, har Hajiya ta yi rantsuwar za ta ɗinke maka shi a jikin riga. Na gan ka da G biyu na gwanjo, wanda ɗaya ta ɓalle a sahun Juma'a, ka koma gida da G guda kana cewa sabon samfuri ne. Na gan ka cikin fensir ranar da aka ce a durƙusa gaida surukai, kowa ya durƙusa, kai ka tsaya kana murmushi don ka san abin da zai biyo baya. Kowane karo sai ka rantse wannan ne ƙarshen wayewa, bayan shekara biyu ka kasa kallon hotonka. Akwatinka na Tudun Wada maƙabartar bel ce, ba wanda ya mutu don ya tsinke, duk kunya ce ta kashe su.

Ba na ganin laifin masu yayi, mu Kanawa ba ma zagin ciniki. Manyan gidajen ɗinki na Faris da Milan suna fitar da sabon kaya aƙalla sau biyu a shekara, kuma ribarsu tana cikin sa ka ji kunyar abin da ka saya bara. In kaya bai tsufa a ido ba, wa zai sayi sabo? Da ni ke da shagon, da haka zan yi, kai kuma da kai ne babban kwastomana. Bel ɗin kilti ya kuɓuta daga wannan tarko ne don ba shi da alaƙa da wando. Wando ke tsukewa ya buɗe, ya hau ya sauka, bel ɗinsa yana biye da shi dole. Kilti kuwa yana nan a cibiya inda soja ya bar shi, nauyinsa bai ragu ba, don haka abin da ya dace da shi jiya shi ya dace da shi yau. Ka je gidan abokin naka ango ka ce a nuna maka hoton auren kakansa. Za ka ga askin ya sauya, tabarau ya sauya, rigar amarya ta sauya, faɗin bel yana nan. Sau da yawa ma kan azurfar da ke cikin tsohon hoton shi ne jikan ya ɗaura. Gaya mini wanda ya taɓa gadar G biyu daga kakansa.

Abin dariyar ma shi ne masu yayin su ke zuwa gaisuwa. Vivienne Westwood ta cika baje kolinta na 1993 da tatan, har ta tsara nata ta sa masa sunan mijinta. Alexander McQueen ya fito da tatan ɗin zuri'arsu a 1995. Gidan Chanel ya kwashi kaya da 'yan kallo ya kai tsohuwar fadar Linlithgow a 2012, gidan Dior kuma ya yi nasa a lambun fadar Drummond a 2024. Kowane ya zo, ya ɗiba, ya yi cinikin shekara guda, ya wuce wani wuri. Wata shekara za ka ji an ce faffaɗan bel ya dawo, wata shekara a ce ya zama na ƙauye. Mai busa algaitar salka a bakin titin Edinbara ba ya jin ko ɗaya daga cikin sanarwar biyu, yana nan da bel ɗinsa yana tara kuɗin 'yan yawon buɗe ido.

Kada ka ce na ɓoye maka, yayi yana ɗan gutsurar kilti ta gefe. A 1996 wani tela ɗan Edinbara, Howie Nicholsby, ya fara ɗinka shi da fata da yadin jins. A 2000 wani kamfani a birnin Siyatil na Amurka, Utilikilts, ya fito da mai aljihu don masu aikin hannu, wanda ke zama a ƙugu, shi kam bel ɗinsa yana aiki. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙasar suna haɗa kilti da rigar ƙwallo da takalmin aiki, haka suka cika biranen Jamus a gasar Turai ta 2024. A gidajen biki ma wani lokaci ƙarfe mai ƙyalli ake so, wani lokaci mai duhu, yau baƙar fata, gobe ruwan ƙasa. Amma duk wannan taɓa launi ne da ƙyalli. Je ka shagon da ka karɓo haya ka ce a ba ka bel mai inci 1, ka ga irin kallon da za a yi maka.

Saura laifuffukanka, don an kawo mini su a jere. Na farko, an ce da za ka shirya ka juyo da tattarar gaba, sai da uwar ango ta ja ka gefe. Tattara a baya take, gaba shafe yake. Na biyu, ka sauko da kiltin ƙasan tumbi saboda sabo da jins, ya rufe gwiwa ya doshi ƙwauri, alhali iyakarsa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Na uku, wanda ya fi duka, ka haɗa bel da falmaran. Ƙa'idar da kowane mai shago ya sani ita ce in ka sa gajeriyar kwat ɗin nan da suke kira Prince Charlie tare da falmaran ɗinta mai maɓalli 3, bel ya zauna a gida, don falmaran ta riga ta rufe gurbinsa. Kai kuwa ka haɗa su, kan bel yana leƙowa ta ƙarƙashi yana tura falmaran sama. Na san yadda aka yi. An ce maka kuɗin haya ɗaya ne ko ka ɗauka ko ka bari, Bazazzagi kuwa ba ya barin banza. Na huɗu, wuƙar da kake taƙama da ita a safa, an ce da aka zaro ta roba ce, irin wadda shagunan haya ke bai wa yara da waɗanda ba a yarda da hankalinsu ba. Hausawa sun gama magana: kayan aro ba ya rufe katara.

Sannan tatan ɗin wace zuri'a ka ɗaura? Ko tambaya ba ka yi ba, ka zaɓi wanda ya dace da takalminka. Tun 2009 ƙasar take da rajistar tatan ta hukuma, kowa yana iya tsara nasa ya biya ya shigar. Musulmin Sikotilan ma sun fito da nasu a 2012, da shuɗin tutar ƙasar da kore, da fararen layuka 5 na shika-shikan Musulunci, da na ruwan zinari 6 na rukunan imani, da baƙin murabba'i don Ka'aba. Da ka nemi wannan, da Liman ya rage faɗa. In kuma kana so a yi wa Zazzau nata, ni zan biya kuɗin rajista, da sharaɗin ni zan zaɓi launi.

In har bel ɗin ya shiga ranka da gaske, kada ka kai wa Bature fam ɗinka. Ɗan ƙasar tasu, Hugh Clapperton na garin Annan, da ya ratso Sahara, ya sauka Kano a 1824 ya sha kallon kasuwa. Fatar da majemanmu suka jeme ta daɗe tana ƙetare hamada, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko don ba su san inda ta fito ba. Kirgi mai kauri da za a yanka inci 2 da kwata ba zai gagari badukun Kano ba, ko yaron shagonsa ma ya isa. Ka aiko da awo, amma na cibiya, ba na ƙugun da kake da shi shekara goma da suka wuce ba, kuma wani ya auna ka, don na san ka da riƙe numfashi.

Ga hukunci. Na yafe zanen, don tufar mutane ce mai tarihi, kuma mai gida ya gayyace ka. Na yafe wuƙar roba, don ita ta fi dacewa da kai. Gorin mazagi ne ban yafe ba. Watan cika-ciki na tafe, kuɗin sharar bana da fam nake so, ba naira ba, kuma ninki biyu: ɗaya na al'ada, ɗaya na karatun nan da na ba ka. In ka yi gardama, zan sa a wanke hoton nan babba a kai wa surukanka, tare da bayanin cewa ɗansu ya tafi karatun haƙar mai ya ɓuge da ɗaurin zane. In kuma zuciya ta ɗebe ka ka ce da kayan za ka sauka a filin jirgin Kano, to ka daure ka zo cikin hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa sosai. Zan zo tarya da kaina, da jama'a.

Ubangidanka,
Bakano, daga gindin Dala.